Tambaya da Amsa: Legas Na Cika, Yaya Ake Lissafin 'Yan Sanda da Gidan Yari?

Wasiƙun wannan fitowar daga Legas suka zo, kuma kukansu ɗaya: jama'a na ƙaruwa, caji ofis na nan yadda yake, gidan yari kuwa ya cika ya batse. Mun zaɓi huɗu mun gajarta su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a yankin Agege. Gidajen da a da iyali ɗaya ke ciki yanzu an yanka su ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Sata da ƙwacen waya sun yi yawa, motar sintiri kuwa sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Muna so mu rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda mu nemi ƙarin jami'ai. An ce mana ƙa'idar duniya ita ce ɗan sanda ɗaya ga mutum 450. Shin mu raba yawanmu da 450 mu nemi abin da ya fito?
— Sakataren ƙungiyar unguwa, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Wannan adadi na 450 ana yawan ambatonsa, kuma yana da amfani idan ana kwatanta wata ƙasa da wata. A unguwa guda kuwa ba zai kai ku ko'ina ba. Da farko dai, ku nawa ne? Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Legas mutum miliyan 9.1, gwamnatin jihar ta ce nata lissafin ya haura miliyan 17, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Duk adadin da kuka rubuta, wani zai ce ƙiyasi ne. Sannan masu kwana a unguwa daban, masu wuni a cikinta daban. Mayankar Oko-Oba da kasuwanni da tashoshin mota suna jawo dubban mutanen da ba nan suke kwana ba, alhali su ake yanka wa aljihu, da su ake rigima.

Awoyin aiki za ku lissafa. Shekara na da awa 8,760. Ɗan sandan da ke yin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, yana da awa 2,080 a shekara. A cire hutun shekara, da jinya, da zuwa kwas, da ranakun da zai wuni a kotu yana jiran a kira shi shaida, abin da zai rage bai wuce awa 1,700 ba. Raba 8,760 da 1,700, za ka sami 5 da ɗoriya. Wato duk kujerar da ake so kada ta zauna babu kowa dare da rana, mutum 5 take ci.

Yanzu sai a bi caji ofis ɗin wuri-wuri. Kanta, mutum 2 a kowane lokaci, 10 ke nan. Mai gadin waɗanda ke tsare, 5. Mai kula da ɗakin makamai, 5. Motar sintiri mai ɗaukar jami'ai 4 tana cin mutum 20, biyu kuma 40. An kai 60 tun ba a zo kan masu bincike ba. Su kuma da yawan ƙararraki ake auna su: a ce ƙara 60 ke shigowa a wata, kowace na cin awa 20 tsakanin ɗaukar bayani, zuwa inda abin ya faru, asibiti, haɗa fayil da zaryar kotu. Awa 1,200 ke nan, mai bincike ɗaya kuwa awa 140 yake da ita a wata, don haka ana bukatar 9. A ƙara DPO da mataimakansa, da masu kula da hanya, da teburin mata da yara, za a tasar wa 80. Waɗannan alƙaluma misali ne, ku sa na unguwarku a gurbinsu.

Inda abin ke lalacewa shi ne sunan da ke cikin rajista ba lallai mai shi yana bakin aiki ba. Wasu na gadin banki, wasu na bin bayan manya da jaka. An sha ba da umarni daga Abuja a janye su, amma ku tambayi DPO ɗinku kai tsaye: mutum nawa ke fitowa fareti da safe? Idan 80 ne a takarda, 50 a fili, giɓin ba ya ɓacewa, a jikin waɗanda suka rage yake sauka. Sai a koma aikin awa 12, wani lokaci kwana da wuni, kuma mutumin da bai yi barci ba ga bindiga a hannu haɗari ne ga kansa da ku. Motar sintiri ta koma fakewa a mahaɗa ɗaya saboda babu mai, wanda ya kawo ƙara a ce ya sayi fetur. Ga kuma ritaya: ana barin aiki bayan shekara 35 ko a shekara 60 da haihuwa, don haka ofis mai mutum 80 yana rasa 2 ko 3 duk shekara ko da ba a yi wa kowa canjin wuri ba.

Game da ƙaruwar jama'a, ba sai kun jira ƙidaya ba. Ku zaɓi layi 5, ku ƙirga gidaje da ɗakuna da masu kwana a ciki, ku auna sauran layukan da su. Ku dubi rajistar 'yan aji ɗaya a firamaren unguwa da adadin jariran da ake yi wa rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, na bana da na shekara 5 baya. Daga nan za ku ga saurin ƙaruwar. Akwai lissafi mai sauƙi: raba 70 da kason ƙaruwar shekara. Unguwar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 za ta ninka a shekara 23, mai kashi 5 kuwa a shekara 14. Ku nemi abin da zai ishe ku nan da shekara 5, domin kafin a amsa muku yau ta zama jiya.

Abin da zai ba takardarku nauyi shi ne littafin aukuwa. Ku yi wata 3 kuna rubuta kowane abu: rana, ƙarfe nawa, wane layi, wane irin laifi, an kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112 ko 767, bayan minti nawa suka iso. Sau da yawa za a tarar rabin matsalar a layi biyu ko uku take, tsakanin magariba da sha biyun dare, kuma wannan ana iya maganinsa da sauya lokacin sintiri da gyara fitilun titi tun kafin a turo ko kurtu ɗaya. Ku bi ta kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, zuwa ga DPO, sannan kwamandan yanki, sannan hedikwata a Ikeja. Ku kuma san abin da kowa ke iya bayarwa. Sashe na 214 na tsarin mulki ya sa rundunar 'yan sanda ta tarayya ce, gwamna ba ya ɗaukar kurata. Abin da jiha ke da shi motoci ne da babura da na'urorin sadarwa ta Asusun Tsaro na Jihar Legas da aka kafa a 2007, da kuma jami'an tsaron unguwanni da aka ƙaddamar a 2017, waɗanda ba sa riƙe bindiga amma suna rage wa 'yan sanda tsayuwar kasuwa da ƙofar makaranta.

Tambaya: Mu 'yan kasuwa ne, mun yi shawarar mu yi karo-karo mu gina ƙaramin ofishin 'yan sanda a bakin kasuwa mu miƙa musu. Me ya kamata ginin ya ƙunsa?
— Wani Alhaji, Alaba Rago

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri. Kafin a sa bulo ɗaya, ku karɓi amincewar rundunar a rubuce, tare da adadin jami'an da za a turo da kuma inda za a ɗebo su. In ba haka ba, ko dai ginin ya zauna a kulle, ko a kwaso mutum 10 daga babban ofishin da ke kula da ku, a raunana can don a buɗe nan. Takardun fili su zama tsaf, kuma a guji wurin da ruwa ke kwanciya da damina.

Ginin na bukatar kanta, da ɗakin ɗaukar bayani mai ƙofa domin macen da aka ci wa zarafi ba za ta yi magana a gaban jama'a ba, da ɗakin makamai, da ɗakin ajiye kayan shaida, da fili mai katanga na babura da motocin da aka kama. Ɗakin tsare maza daban, na mata daban, yaro kuwa ba a haɗa shi da manya ko na awa ɗaya. Kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki, da tagogi a sama ta ɓangare biyu don iska ta ratsa. Tankin ruwa da sola dole ne.

Girman ɗakin tsarewa da ƙarshen mako ake auna shi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Amma wanda aka kama yammacin Juma'a, in bai sami beli ba, sai Litinin. Idan ana tsare mutum 6 a rana, ku yi lissafin 18. Ƙungiyar Red Cross ta Duniya ta ba da shawarar kada wurin mutum ɗaya a ɗakin haɗaka ya gaza murabba'in mita 3.4, wato kusan 61 ga mutum 18. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin 3, irin wanda aka saba ginawa, na mutum 3 ne ko 4.

Abu ɗaya kuma muke roƙo: wanda ya gina ofis bai sayi 'yan sandan ciki ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin ɗan'uwansa. Rikicin bashi a bar shi a hannun shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa, ko cibiyoyin sasanci na jiha. In aka mai da bayan kanta wurin karɓar bashi, cikin wata guda zai cika.

Tambaya: Na ji an ce gidan yarin Ikoyi na mutum 800 ne amma dubbai ke ciki. Tunda Legas kullum ƙaruwa take, me ya hana a gina ƙato ɗaya irin na Janguza a Kano mai cin mutum 3,000, kowa ya huta?
— Wata Hajiya, Idi-Araba

Amsa: Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne. An gina Ikoyi a 1955 don mutum 800. A watan Disamba na 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni 5 a wani ɗaki, hukumar gidajen yari da kanta ta ce fiye da mutum 3,000 ke ciki, kuma fiye da 2,600 daga cikinsu jiran shari'a suke yi. Ki dubi wannan da kyau: waɗanda alƙali ya yanke wa hukunci ba su kai 500 ba. Da su kaɗai ne, da gidan bai ma cika ba.

Yawan mutanen gidan yari abu biyu ke haifar da shi: nawa ke shiga a rana, kuma kwana nawa kowa ke yi. A ninka su. Idan mutum 20 ke shiga kullum, kowa na yin kwana 40, mutum 800 za a tarar a ciki kowace rana. Idan 20 ɗin nan dai ke shiga amma zaman ya kai kwana 150, mutum 3,000 za a tarar, ba tare da an sami ƙarin ɓarawo ko ɗaya a gari ba. Ƙaruwar jama'a da kashi 3 cikin 100 za ta mai da 800 zuwa 824 a shekara. Ƙarin kwana 10 kacal a kan zaman kowa kuwa mutum 200 zai ƙara. Kamar kwatar Legas ce: in ta toshe a gaba, yayyafi ma ya isa ya shigo da ruwa ɗaki.

Ina kwanakin ke tafiya? Laifi irin fashi da makami ko kisa Babbar Kotu ce ke da hurumin saurare. Ana kai mutum gaban majistare ne don a ba da umarnin tsare shi, fayil ya tafi ofishin daraktan gabatar da ƙara a Ma'aikatar Shari'a da ke Alausa a jira shawara. Nan ake fara asarar watanni: ɗan sandan da ya yi bincike bai aika kwafin fayil ba, ko an yi masa canjin wuri. Shawara ta fito, sai a jira a ba wani alƙali shari'ar. Ranar zama ta zo, motar fursuna ɗaya ce ke zagaya kotuna da yawa, ta taso daga Kirikiri ta maƙale a gosulon Apapa, kafin ta isa an ɗaga zama. Wata rana shaida ne bai zo ba, wata rana babu tafinta. Kowace ɗagawa wata guda ce ko biyu. Ƙone Babbar Kotun Igbosere da ofisoshin 'yan sanda masu yawa a Oktoban 2020 ya ƙara dagula lamarin, domin fayiloli da kayan shaida sun salwanta. Ga kuma waɗanda aka ba beli amma suka kasa cika sharaɗi, da waɗanda tara ce kawai ta riƙe su. A Nuwamban 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara Naira miliyan 585 don sakin mutum 4,068 a faɗin ƙasa, wato kusan Naira 144,000 kowane mutum, kuɗin da a lokacin bai kai na abincinsa na wata bakwai ba.

Shi ya sa duk wanda ya ƙara 'yan sanda bai ƙara majistare da lauyoyin gwamnati da motocin kai fursuna ba, gidan yari ya ƙara wa kaya. Sabon gida mai cin 3,000, idan masu shiga sun fi masu fita da mutum 5 kacal a rana, cikin kwana 600 zai cika, shekara biyu ma ba a yi ba.

Wannan ba ya nufin kada a yi gini. Gidaje 5 ne a jihar, Ikoyi, da uku a Kirikiri, da Badagry, kuma tsofaffinsu an gina su ne tun Legas ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na yadda take yau ba. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023, jihohi ma na da ikon gina nasu. Amma mai tsarawa ya san gado 3,000 ba ya ɗaukar mutum 3,000. Dokokin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a raba maza da mata, manya da yara, masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci. Mai tarin fuka kuma dole a keɓe shi. Gadon da ya rage a ɓangaren mata ba zai amfani namiji ba. Saboda haka akan bar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a matsayin rara, don wannan rabon da kuma ranakun da aka yi babban kame.

Sannan a lissafa abin da ginin zai ci kullum. A ma'aunin Red Cross, mutum ɗaya na bukatar aƙalla lita 10 zuwa 15 na ruwa a rana, da banɗaki ɗaya ga mutum 25. Ga mutum 3,000, lita 45,000 ke nan kowace rana da banɗaki 120, kuma a ƙasa irin ta Legas mai ruwa kusa, sokawe ne ke fara cika ya dawo da ƙazanta cikin ɗakuna. Kuɗin abinci da aka ɗaga daga Naira 750 zuwa 1,125 a rana zai kama fiye da Naira biliyan 1.2 a shekara. Gandirobobi ma lissafin mutum 5 ga kowace ƙofa ya hau kansu. A ganinmu, matsakaitan gidaje kusa da kotunan Ikorodu da Epe da Ikeja sun fi ƙato ɗaya a bayan gari amfani, domin tafiyar kotu za ta gajarta, iyali kuma su iya kai ziyara.

Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ma ta hango wannan. Sashe na 12 ya ce idan gida ya wuce ƙarfinsa, shugaban hukumar na jiha ya sanar da Babban Joji da Antoni Janar cikin mako ɗaya, su kuma su ɗauki mataki cikin wata 3, kuma yana da ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni. Dokar ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin hidimar al'umma da ɗaurin talala. Mai ƙaramin laifi ya share kasuwa na wata guda ya fi wa kowa sauƙi.

Tambaya: Tun da aka hana acaba, ana yawan kwashe yaranmu a kamen kan mai uwa da wabi, wasu sai bayan watanni muke jin suna Kirikiri. Mu shugabanni me za mu yi?
— Shugaban wata ƙungiyar matasa, Mile 12

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sanar da yaranku inda dokar ta shafa. Daga 1 ga Yuni 2022 an hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumba kuma aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba a Mushin. Wanda ya sauka daga motar Arewa jiya bai san wannan ba sai an gaya masa.

Kwana biyun farko su ne komai. Ku naɗa mutum 2 masu jin Turanci da Yarabanci da za su riƙa leƙa caji ofis da kotun tafi-da-gidanka kullum, su rubuta cikakken sunan wanda aka kama, da lambar ƙara, da kotu, da ranar da aka ɗaga. Ku kula da yadda aka rubuta sunan, domin an sha neman Muhammadu alhali rajista ta ce Mohammed, kuma sunan garinsu aka sa a madadin na mahaifi. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne a doka, mace ma na iya tsayawa wa mutum.

Abin da ya fi riƙe yaranmu shi ne rashin mai tsayawa. Kotu kan nemi mai adireshin da za a iya tabbatarwa, sau da yawa da shaidar biyan haraji a Legas. Ku tanadi dattawa 10 ko fiye masu gida ko shago tsayayye, da katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, da takardun harajinsu a shirye, tun kafin a kama kowa. Ku kuma miƙa wa rajistaran kotun da ke kusa da ku sunayen masu iya tafinta. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ba ya jin harshen kotu haƙƙin tafinta kyauta, kuma kada yaro ya ce ya amsa laifi a kan tuhumar da ba a fassara masa ba.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Ofishin Lauyan Jama'a na Jihar Legas, OPD, da aka kafa a 2000, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, duk kyauta. Doka ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajista ya ba da beli inda ya dace, Babban Joji kuma kan kai ziyara gidajen yari ya sallami waɗanda zamansu ya wuce kima. Ana tattara sunaye ne tun kafin ranar ziyarar, don haka ku kai jerinku ga OPD da wuri, kowane suna da lambar ƙararsa da ranar da aka fara tsare shi.